Me Ke Cikin Ƙurar Ɗakunanmu? Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Tun da hunturun bana ya kama, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a kan ƙura suke. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a unguwar Ɗorayi, ina da yara uku, ƙaraminsu watansa 11, yana rarrafe, kuma duk abin da ya tsinta a ƙasa bakinsa yake kaiwa. Maigidana gyaran batirin mota da na sola yake yi, wani lokaci yakan zo da matattun batura ya jibge a soro kafin masu saye su zo. Kwanan baya na ji a rediyo ana cewa ƙurar cikin gida tana ɗauke da guba. Da na faɗa wa surukata sai ta ce su ma a cikin ƙasa suka tashi, ba abin da ya same su. Ni dai sau biyu nake shara kullum. Shin akwai abin tsoro a nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe mini da Hajiya surukarki, ki kuma shaida mata ban ƙaryata ta ba, domin ƙasar da suka yi wasa a cikinta suna yara ƙasa ce ta gaske. A zamaninsu ɗaki daɓe ne, shimfiɗa tabarmar kaba ce, abinci a akushi da ƙwarya, saboda haka abin da tsintsiya take tarawa bai wuce rairayi da toka da ƙaiƙayi ba. Ƙurar ɗakin yau kuwa haɗin gambiza ce. Akwai ƙasar da takalma da iska suke shigowa da ita daga titi, akwai burbushin tufafi da na katifa da na fatar jikinmu, akwai baƙin hayaƙin janareta da na gawayi, akwai garin fentin da yake zubowa daga bango, sannan akwai sinadaran da suke fita sannu a hankali daga leda da roba da kayan lantarki su manne a jikin ƙurar, su zauna tare da ita.

Babban mutum ɗan kaɗan yake shaƙa daga cikin wannan ƙura, amma yaro mai rarrafe cin ta yake yi. Ki lura da ɗanki na minti biyar kawai: zai tsotsi yatsunsa, ya dafa ƙasa da jiƙaƙƙen hannun, ya ja jiki zuwa ƙarƙashin kujera inda tsintsiya ba ta kaiwa, ya ɗauko murfin kwalba ya lasa, sannan ya sake mayar da hannun baki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙaramin yaro yana haɗiye kimanin miligiram 60 zuwa 100 na ƙura da ƙasa a kowace rana, wato nauyin ƙwayar shinkafa uku zuwa biyar. A ido ba wani abu ba ne. Sai dai kullum ne, jikin da yake karɓa bai kai kilo 10 ba, kuma ƙwaƙwalwarsa yanzu take ginuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne baturan da suke kwana a soro da kuma tufafin da maigida yake dawowa da su daga wurin aiki. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, wato ƙarfen nan mai nauyi da taushi, ruwan toka. Duk lokacin da aka kankare kan batir, ko aka narkar da shi aka sake zuba wani, ko aka fasa tsohon batir aka zazzage farantan cikinsa, wani lallausan gari yana tashi ya sauka a kan riga da wando da takalmi da gashin kai da gemu. Ba shi da warin da zai ankarar da mutum, kuma idan ya gauraya da ƙurar gida ba mai iya bambance su da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba zai tsotsa, kuma har yau ba a san wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa ba.

Mu a Arewa mun riga mun ga aikin wannan guba da idonmu. A shekarar 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma aka gano Bagega ma abin ya shafe ta. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai a rasa shi, mutane suna zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida, cike suke da dalma. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Tun kafin yaran su fara faɗuwa agwagwin ƙauyukan suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne aka kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna aka kwashe, aka zuba sabuwa, domin likitoci sun san cewa ko an ba yaro maganin fitar da dalma daga jini, muddin ya koma rarrafe a kan ƙasar nan, an gudu ne ba a tsira ba. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wanda ya fi kama da halin da kike ciki kuwa shi ne na wata unguwa a gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, inda tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu saboda sana'ar fasa tsofaffin batura da tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma.

Ban kawo waɗannan don in ce gidanki ya kai can ba. Abin da ya fi yawa a birni irin Kano shi ne ɗan kaɗan-kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro, amma yana rage masa kaifin ƙwaƙwalwa, ya jawo ƙarancin jini da rashin cin abinci da yawan rigima da jinkirin magana, sai ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar yaro kuwa ba ta gyaruwa.

Na taɓa shiga wani gida a cikin birni, gidan wani mai irin sana'ar maigidanki, gida tsaf-tsaf, kwanuka a kife, tsakar gida kamar an lashe. A cikin ɗakin kuwa wandon aikinsa yana rataye a ƙusa, daidai saman katifar da jaririn yake kwance. Matar ta ce mini kullum da safe takan kakkaɓe shi a bakin ƙofa, ranar Juma'a kuma ta wanke shi a bahon da take wanke kayan yaron. Muna cikin magana maigidan ya dawo, bai ko zauna ba ya ɗauki ɗansa ya ɗora a kafaɗa, yaron ya kama wuyan rigar ya cusa a baki. Ba wanda zai ga wannan ya ce an yi laifi, ƙauna ce ta uba da ɗa, amma ta wannan hanyar gubar take shigowa.

Saboda haka gyaran farko yana wajen maigida, kuma ki yi masa maganar cikin ladabi da lallami, ki nuna masa ba cewa aka yi ya bar sana'arsa ba. Baturan nan su bar soro gaba ɗaya, su koma shago, a kuma wanke wurin da suka zauna da ruwa da sabulu sau da yawa. Idan ƙasa ce ba siminti ba, a kankare samanta a fitar. Ya ware kayan aiki da takalmin aiki su zauna a shago, idan kuwa dole sai an kawo su gida wanki, a ƙulle su a leda, a jiƙa su ba tare da kakkaɓewa ba, a wanke su a bokitinsu na daban, a zubar da ruwan a magudana ba a tsakar gida ba. Ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya ci abinci a wurin aiki, ya kuma yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Na san masu batir da masu walda da masu fenti suna da al'adar shan madarar gwangwani bayan an tashi aiki wai tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini, kuma shi kansa yana cikin haɗarin hawan jini da ciwon ƙoda idan abin ya daɗe.

Sai batun shararki sau biyu. Busasshiyar tsintsiya manyan tarkace kawai take kwashewa, lallausar ƙurar kuwa tayar da ita take yi sama, ta yi yawo a ɗaki, bayan kin ajiye tsintsiya ta sauko ta koma inda take, wata ma a kan abinci. Iyayenmu mata ba sa share tsakar gida sai sun yi yayyafi, kuma hikimar nan ita ce har gobe masana suke bayarwa. A cikin ɗaki ki fitar da yaron tukuna, ki buɗe taga, ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan garin sabulu, ki tanadi bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, don kada ki riƙa mayar da dattin da kika kwasa. Ki bi bakin taga da bayan ƙofa da ƙarƙashin gado. Takalma kuma, tun da dama ba ma shiga ɗaki da su, a matsar da su daga bakin ƙofar da yaron yake zama, domin sau da yawa tarin takalman nan shi ne abin wasansa na farko. Ki shimfiɗa masa tabarmar da ake iya wankewa, ki wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci wani abu da kuma kafin barci.

Abinci ma yana da nasa taimakon. Cikin da ba komai ya fi saurin tsotse dalma, haka jikin da yake da ƙarancin sinadarin ƙarfe na jini da sinadarin ƙashi. Kada yara su fita wasa ba su karya ba, kuma a yawaita musu wake da zogale da alayyahu da ƙwai da hanta da kifi da nono, gwargwadon hali.

Ina ba ki shawara ku kai yaran uku wurin likitan yara a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku faɗa masa sana'ar mahaifinsu ƙarara, ku nemi ya duba yiwuwar auna dalma a jininsu, domin gwajin jini ne kaɗai yake tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan gwajin ya nuna maikurogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini (ma'aunin da ake auna dalmar jini da shi ke nan), to a nemo inda dalmar take fitowa a toshe, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa ta sauko da nata ma'aunin zuwa 3.5 a shekarar 2021. Idan kina da juna biyu ko kina sa rai, ki faɗa a wurin awo, domin dalma tana taruwa a ƙashi shekara da shekaru, ta fito lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi.

Abu na ƙarshe, wanda na san Hajiya ba za ta so ji ba, shi ne tozali. Yawancin kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. A bar sa wa jarirai shi.

TAMBAYA: Malam, ni magidanci ne a Kurna. Kuɗin cizo da sauro sun addabe mu, don haka duk mako nakan haɗa fiya-fiya da kananzir in yayyafa a katifa da lungunan ɗaki, in rufe na awa ɗaya, da dare kuma mu kunna igiyar leƙo. Yarana ba sa rabuwa da tari da atishawa. Wani abokina ya ce maganin yana zama a cikin ƙura. Haka ne, ko kuwa da warin ya tafi shi ke nan?

AMSA: Malam, abokinka ya fi kusa da gaskiya, sai dai maganar tana da rassa biyu. Fiya-fiya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba tambari, yawanci sinadarin dikulobos ne, wanda aka yi domin gona da rumbu, kuma shi ne a cikin Sniper. Yana aiki ne ta hanyar rikita jijiyoyin ƙwaro, kuma jijiyoyin ɗan Adam ma haka yake yi musu idan ya yi yawa. Shi mai saurin bin iska ne, don haka haɗarinsa ya fi tsanani a ranar da aka yi feshin da 'yan kwanakin da suka biyo baya, musamman idan a katifa aka zuba, inda soso yake shanye shi ya riƙa saki a hankali daidai hancin mai barci, fata kuma tana tsotsa. Awa ɗaya ba ta isa komai ba. Saboda irin wannan amfani da shi a ɗakuna da kan kayan abinci, da kuma yadda wasu suke sha don hallaka kansu, hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai a shekarar 2019, kodayake duk wanda yake bin titunan Kano ya san bai ɓace daga tiren masu talla ba.

Reshe na biyu shi ne magungunan feshi na gwangwani da na hoda da allin kyankyaso, waɗanda yawancinsu daga wani rukunin sinadarai ne daban. Su a gona rana da ruwan sama suna lalata su cikin ɗan lokaci, amma a cikin ɗaki babu rana babu ruwa, sai su lafe a cikin ƙurar kafet da ƙarƙashin gado su yi watanni. Mai feshi duk mako yana zuba sabo ne a kan tsohon da bai tafi ba. Igiyar leƙo kuwa, ban da maganin da ke cikinta, hayaƙinta ma kansa matsala ne: wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa ƙananan ƙwayoyin hayaƙin da guda ɗaya take fitarwa sun kai na taba sigari 75 zuwa 137. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga saboda sanyi, yara suna kwana suna shaƙar wannan, safiya ta yi tokar ta bi ƙasa. Ba zan yanke hukunci daga nesa cewa shi ne sanadin tarin yaranka ba, likita ne zai duba su, musamman a tabbatar ba asma ba ce, amma da ni ne da shi zan fara dainawa in ga abin da zai canja.

Ga sauro, gidan sauro mai magani da raga a taga sun fi duk wannan, kuma maganin jikin gidan sauron an auna shi ne daidai yadda ba zai cutar da mai kwana a ciki ba. Kuɗin cizo kuwa zafi ne ajalinsa. A fitar da katifa da gado a rana tun hantsi, a kwarara tafasasshen ruwa a gaɓoɓin katakon gado da ɗinkin tabarma, a wanke zannuwa da ruwan zafi a goge su da dutsen guga, a lilliƙe tsagogin bango da siminti, a kuma maimaita bayan mako ɗaya ko biyu, domin ƙwansu yakan tsira daga zagayen farko. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, yaro ya sha fiya-fiya ko ya yi wanka da ita, ka ga yana dalalar da yawu, yana gumi, yana amai, numfashi yana sarƙewa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan, balle da kananzir a ciki wanda yake iya faɗawa huhu. A tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

TAMBAYA: Malam, ina shirin aurar da 'yata bayan Sallah. Gidan da za ta zauna a Fagge tsoho ne, za a kankare bango a sake fenti. Muna kuma shawara tsakanin kafet da ledar ɗaki, sannan akwai kujeru da talabijin na hannu da aka yi mana tayi da sauƙi. Ƙanwata da take karatun jinya ta ce duk waɗannan suna da sinadarai. To me mutum zai shimfiɗa ke nan?

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba, amma abubuwan da ta lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma bai kamata a hana amarya kayan ɗaki saboda tsoro ba. Wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa shi ne kankare bangon. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, don launi ya fito ya kuma bushe da wuri. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, ƙasashenmu kuwa sun daɗe ana sayar da shi bayan nan, don haka ƙofofi da tagogi da ƙarafunan tsohon gida abin zargi ne. Muddin fentin yana lafiya a jikin bango ba ya tashi, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa takardar gurza a bushe, a ranar ake mayar da shi gari ya cika gidan. A sa masu aikin su jiƙa wurin kafin su kankare, su shimfiɗa leda a ƙasa su tattare abin da ya zuba, kada yara da masu ciki su shiga, kuma a wanke gidan da ruwa da sabulu sau biyu ko uku kafin 'yan jere su zo. Wajen sayen sabon fenti a nemi wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya take kira a bi shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ga bangon ɗaki, fentin ruwa ya wadatar.

Ledar ɗaki da sauran roba mai laushi ana zuba musu wasu sinadarai da suke hana su ƙagewa, kuma waɗannan ba su da riƙo sosai a jikin robar, suna fita a hankali, zafi kuma yana ƙara musu sauri, ga shi mu a watan Afrilu ɗaki kan zama kamar tanda. A 2016 masu bincike a Jami'ar George Washington ta Amurka sun tattara sakamakon awon ƙurar gidajen ƙasarsu, suka lissafa sinadarai 45, kuma na roba su ne suka fi yawa. Ana danganta wasunsu da rikita sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa. Tsofaffin kujerun soso da tsofaffin talabijin da kwamfutoci da ake shigowa da su daga Turai da Amurka kuwa, da yawansu an zuba musu maganin hana kama wuta, irin wanda Yarjejeniyar Stockholm, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan sinadarai masu guba, ta sa a jerin abubuwan da za a daina a 2009, ta ƙara wani a 2017. Can an daina, kayan kuma sun tsufa an loda su a jirgi sun zo mana. Kujerar da rigarta ta yage, sosonta ya fara marmashewa kamar garin burodi, ita ce ta fi zubar da shi. Kujerar da kafintan unguwa zai yi da sabon soso ta fi mini kwanciyar hankali a kan ta gwanjo komai kyanta.

Tsakanin kafet da leda kuwa, ni leda zan zaɓa duk da abin da na faɗa a kanta, idan ba a sami halin sa tayil ba, saboda dalili ɗaya: ana iya goge ta da ruwa kullum. Kafet mai cika ɗaki bango zuwa bango rumbun ƙura ne, duk abin da ya faɗa cikinsa ya sami wurin zama, tsintsiya sama-sama take bi, kuma duk wanda ya taɓa ɗage kafet ɗin da ya shekara uku a Kano ya ga rairayin da yake kwance a ƙarƙashinsa. Idan amarya tana son taushi, a saya mata ƙaramar darduma ta tsakiya da za a iya fitarwa a wanke. Sabuwar leda kuma a baza ta a inuwa ta sha iska kwana biyu ko uku kafin a shimfiɗa, in ta fara tsagewa tana ɓarɓashi a canja ta.

TAMBAYA: Malam, gidanmu a bakin titi yake a Hotoro. Ita ƙurar hunturu da kanta guba ce? Mu rufe tagogi ne gaba ɗaya har ta wuce?

AMSA: Yawancin hazon da yake rufe Kano daga Nuwamba zuwa Maris daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, wanda a dā can ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farin garin ƙasan tafkin ta yo kudu da shi. Asalinsa ƙasa ce ba sinadarin masana'anta ba, illarsa kuwa ƙanƙantarsa ce, domin mafi laushinsa yana wuce hanci da maƙogwaro ya kai can cikin huhu, ya tayar da asma, ya wahalar da tsofaffi da masu ciwon zuciya. Amma kafin ya shigo tagarku ya riga ya gauraya da abin da ya tarar a gari: hayaƙin manyan motoci da na Adaidaita Sahu, hayaƙin bolar da ake ƙonawa da leda da taya a cikinta, da ƙasar gefen titi, wadda har yanzu takan riƙe ragowar dalmar zamanin da ake zuba ta a man fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da irin wannan mai ne a farkon 2006, Aljeriya kuma ita ce ta ƙarshe a duniya a 2021, amma dalma ba ta ruɓewa, inda ta sauka nan take zama.

A rufe tagogin da suke kallon titi a ranakun da hazo ya yi kauri da lokutan cunkoson motoci, a sa labule mai kauri da za a riƙa wankewa, a toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Amma kada a toshe ɗaki ruf, a riƙa buɗe tagar da take kallon cikin gida, musamman lokacin turaren wuta da bayan shara. Kaskon gawayi don jin ɗumi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki ko kusa, haka janareta kada ya zauna a soro ko a bakin taga, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutane cikin barci.

Idan sanyi ya wuce, zafi ya fara a watan Maris, kafin kowa ya taɓa makunnin fanka a hau kujera a duba bayan fukafukanta. Za a tarar da ƙurar wata uku ta yi kauri a kai, baƙa-baƙa mai danƙo saboda hayaƙin da ta sha. A fitar da yara, a rufe abinci da randa, a goge fukafukan ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma da sabulu, a bi da saman silin da kan durowa, a wanke labulaye, sannan a kunna.